Gangunan guba a sito: wa zai biya kuɗin kwashe su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na sayi wani tsohon sito a bayan gari nan Garwa daga hannun wani kamfanin sayar da maganin feshin auduga, don in riƙa ajiye masara da gyaɗa. Da leburori suka fara haƙar tushen katanga sai suka ci karo da ganguna a binne, wasu sun yi tsatsa suna yoyo, warin har hawaye yake sa mutum. Manajan kamfanin ya ce ciniki ya faɗa, abin da ke cikin fili na mai fili ne. Daga baya kuma ya aiko a ba ni sefa 500,000, in sa hannu a takarda a rufe maganar. In karɓa?

Mai sayar da hatsi, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka karɓa, kada ka sa hannu. A dakatar da haƙa yau, a kange wurin, kada a ƙona komai, kada kuma a bar yara su kwashi gangunan da babu kome a ciki su kai gida a zuba ruwa. In akwai rijiya kusa, a daina sha har a gwada ruwan.

Maganar manajan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, nan ne ma haɗarin yake. Dokar muhalli ta Kamaru mai lamba 96/12, ta 5 ga Agusta 1996, ta kafa ƙa'idar cewa wanda ya gurɓata wuri shi ke biya. Amma dai ita dokar ce ta ɗora nauyin kawar da shara a kan wanda ya samar da ita ko wanda take hannunsa. Yanzu a hannunka take. Ranar da ka amsa a rubuce cewa kun gama da kamfanin, kai hukuma za ta tarar a bakin ƙofar siton, kuma dubu ɗari biyar ba za ta kai ka ko'ina ba. Irin wannan magani ba a watsar da shi a juji. Sau da yawa sai an sake ɗure shi a sabbin ganguna, an kwashe ƙasar da ya jiƙa, an kai shi Turai inda ake da murhu mai tsananin zafi da zai cinye gubar.

Saboda haka fara da shaida. Ka ɗauko huissier, wato jami'in shari'a mai rubuta shaidar abin da ya gani, ya zo ya gani da idonsa, ya ɗauki hoton tambarin da ke jikin gangunan, ya rubuta. Sai ka kai rahoto a rubuce ofishin ma'aikatar muhalli, MINEPDED, na jihar Arewa, ka riƙe kwafin da suka buga wa hatimi. Wanda ya kai kansa da wanda aka tono shi ba ɗaya ba ne a wurin hukuma. Ka kuma ga lauya da wuri, domin dokar ciniki ta ba mai saye damar ya mayar da kaya ko a rage masa kuɗi idan an sayar masa da abu mai ɓoyayyen aibi, amma sai in bai yi jinkirin shigar da ƙara ba.

Ba na ƙin sulhu, yawancin irin wannan rigima da shi take ƙarewa. Maƙwabtanmu Chadi sun dakatar da aikin kamfanin man Sin, CNPC, a 2013 saboda ɗanyen mai da aka zubar a ramuka, suka ci shi tarar dala biliyan 1.2, a ƙarshe aka daidaita a kan miliyan 400 a 2014. A Abijan kuwa, bayan sharar guba ta jirgin ruwan Probo Koala da aka zubar a unguwannin birnin a 2006, kamfanin Trafigura ya biya gwamnati kusan sefa biliyan 100 ba tare da ya amsa laifi ba, gwamnati ta janye ƙara, mazauna unguwannin suka shafe shekaru suna kokawa da abin da ya rage a ƙasa. Gwamnatoci ke nan fa, masu tarin lauyoyi, balle kai mai buhunan masara.

In za a sulhunta, a sulhunta a kan aiki. A rubuta cewa kamfanin ne zai ɗauko masu lasisin kwashe shara mai guba, shi zai biya su, a gwada ƙasa da ruwa bayan sun gama, kuma in an sake gano wasu gangunan nauyinsu na wuyansa. Wakilin ma'aikatar muhalli ya sa hannu. Lawan ko jauron unguwa ya zama shaida, tunda rijiyoyin mutanensa ne a cikin lamarin. Ni dai na fi amincewa da takardar da aka karanta a gaban jama'a.

Idan ka ji ƙishin-ƙishin kamfanin zai rufe ko zai sauya suna, lauyanka ya duba rajistar kamfanoni, RCCM, a kotu. Sauya suna ba ya goge bashi. In kuwa an fara rushe kamfanin a ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Kamaru ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, akwai wa'adin da masu bin bashi za su gabatar da buƙatarsu, kuma kuɗin kwashe gubar nan yana cikin abin da za ka rubuta.