Amsa: Yawo da yara a Boston cikin yini ɗaya

Hajiya, kin tambayi inda za ki kai yaranki, masu shekara 6 da 10, a Boston. Ki bi Freedom Trail, amma ba duka ba. Layi ne na jan bulo da aka shimfiɗa a ƙasa, tsawonsa kusan kilomita 4, ya ratsa wuraren tarihi 16 daga filin shaƙatawa na Boston Common zuwa hasumiyar tarihi ta Bunker Hill. Ƙaramin ba zai iya kai ƙarshe ba, tun a tsakiya zai fara kukan ƙafa.

Ku fara da safe daga Boston Common, ki bar yaran su riƙa bin layin da kansu, suna jin daɗin haka sosai. Ku ci abinci a Quincy Market kafin sha biyu, don bayan nan cunkoso ya yi yawa. Daga nan ku taka zuwa Long Wharf, ku hau jirgin ruwa mai zuwa Charlestown Navy Yard, tafiyar minti goma ce. Can ne USS Constitution yake, jirgin yaƙin katako da aka saka a ruwa a 1797. Shiga kyauta ne, sai dai duk mai shekara 18 zuwa sama dole ya nuna fasfo ko wani katin shaida mai hoto, kuma ana binciken jaka. Nan mutane da yawa ke komawa hannu rabbana don rashin katin shaida. Ki duba ranakun buɗewa tukuna, galibi a rufe yake ran Litinin.

Hasumiyar Bunker Hill matakala 294 ce, babu lif. Babban zai iya, ƙaramin ki bar shi a ƙasa da babansa. Ki sa musu takalman da suka saba da su, duwatsun titunan unguwar North End, inda layin ya ratsa, na sa tuntuɓe.