Bidon ruwan batir: mai tambari ko na man girki?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da ruwan batir, wato asid, a Kasuwar Dole ta Damagaram, ina kuma aika wa abokan ciniki a Tanut da Agadas. Na saba zubawa a bidon man girki da aka wanke. Yanzu direban da ke ɗaukar mini kaya ya ce ba zai ƙara lodawa ba sai a bido mai tambarin UN (Majalisar Ɗinkin Duniya), ga shi da tsada. Ina bambancin yake, tunda duk roba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Direbanka ya fi ka gaskiya. Abin da kake biya a bido mai tambari shi ne gwajin da aka yi wa irinsa kafin a fito da shi kasuwa, kuma babba a ciki shi ne gwajin faɗuwa.

Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta jigilar kaya masu haɗari ta kasa su gida uku. Mazubin kaya mafi haɗari ana sako shi daga tsayin mita 1.8, a buga masa harafin X. Na matsakaici mita 1.2, harafin Y. Na ƙaramin haɗari mita 0.8, harafin Z. Ruwan batir da fetur suna gida na biyu, gazuwal yana na uku.

Ba fanko ake sakowa ba. Ana cika bidon ya kai aƙalla kashi 98 cikin ɗari, a ɗaure murfi yadda za a ɗaure shi ranar tafiya, a sake shi kan daɓe mai tauri. Guda shida ake gwadawa: uku a kan kusurwa, uku a kan inda ya fi rauni, kamar wajen murfi. In ɗan ɗigo ya fito ta murfi lokacin da ya bugi ƙasa sannan ya tsaya, an yafe. In ya ci gaba da yoyo, ya faɗi ke nan. Na roba kuwa sai an sanyaya shi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, domin sanyi ne ke sa roba ta yi tauri ta tsage. Na san mutumin Damagaram zai yi dariya, ina mu ina irin wannan sanyi. To akwai wanda ya shafe mu: ana ɗora wa bidon nauyin jerin kaya mai tsayin mita 3, a bar shi kwana 28 cikin zafin digiri 40. Wannan ai bayan kamiyo ne a watan Afrilu.

Ga inda ƴan kasuwa ke tuntuɓe. Ruwan batir ya fi ruwan sha nauyi, lita ɗaya ta kusa kilo 1.3, kuma abu mai nauyi ya fi dukan bangon bido in ya faɗi. Don haka harafin Y kaɗai bai isa ba, duba lambar da ke manne da shi. In ka ga 3H1/Y1.4/150/24, ma'anarsa bidon roba mai ƙaramin baki, na gida na biyu, yana ɗaukar ruwan da nauyinsa bai wuce kilo 1.4 a lita ba, an ƙera shi a 2024. In babu lamba bayan Y, iyakarsa 1.2, bai dace da kayanka ba. Bidon man girki kuwa ba wanda ya gwada shi don wannan aiki, kuma murfinsa ne ke fara ba da kai a gargadar hanyar Agadas. Ranar da ɗaya ya fashe kan buhunan gero da ƙafar yaron mota, rarar da ka yi ba za ta biya ba.

Tambaya: Wani mai sayar da bido ya hau rumfa ya jefo shi a gabana, bai yi ko ƙwarzane ba. Wannan bai isa shaida ba?

Amsa: Fanko ne, kuma kan rairayi ya faɗa. Ko ƙwarya za ta tsira a haka. Ce masa ya cika shi da ruwa ya sako kan siminti ta wajen murfi, ka ga ko zai yarda.

Tambaya: Ana samun masu tambarin, na hannu, da araha. In saya?

Amsa: Za ka iya, amma da sharaɗi. Wa'adin bidon roba a wannan aiki shekara 5 ne daga ranar ƙira, kuma akwai ɗan da'ira kamar agogo a jikinsa da ke nuna watan. Wanda ya sha rana a tsakar gida yakan gaji kafin wa'adin: launi ya koɗe, in ka danna da babban yatsa ka ji yana ƙara ko ka ga farin layi, bar shi. Murfin ya zama nasa na asali da zoben robar da ke ciki, domin da shi aka yi gwajin. Murfin aro da aka naɗa wa leda ya soke tambarin. Sannan ka tambayi abin da aka taɓa zubawa a ciki. In mai sayarwa bai sani ba, kada ka zuba asid a kai.