Ina zan kai uwargida cin abinci in mun zo Accra?

Dan uwa, tunda daga Kumasi za ku zo kuma kana son wuri mai tsada, ka nufi unguwar Osu, Labone ko East Legon, can manyan gidajen abincin suke. Amma ka kira su tukuna su ajiye muku tebur musamman daren Juma'a da Asabar, kuma wallahi kar ka ji kunyar tambaya ko naman halal ne, domin da yawansu suna dafa alade suna sayar da giya, ni in hankalina bai kwanta ba kifi nake ci, tilapiya gasasshe da banku, wato tuwon masara da rogo na Ghana. Ka tambaya ko kuɗin da ke menu ya haɗa da harajin VAT, kar bil ya zo ya ba ka mamaki gaban uwargida. Ku fita da wuri, cunkoson motocin yamma ba wasa.