Filin Makanikai: Mota tana zafi yau, gobe lafiya lau

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Toyota Carina E mai shan fetur, inji 1.6, ƙirar 1995, ta haura kilomita 320,000. Da ita nake zirga-zirga tsakanin Garwa da Ngawundare. Wata biyu ke nan sai in yi kwana uku ko huɗu allurar zafi tana tsakiya, rana ɗaya kuma ta tashi ta doshi ja. Ta fi yin haka a cunkoson kasuwa da tsakar rana, sau biyu kuma ta yi mini a hawan dutsen nan kafin a isa Ngawundare, ina ɗauke da kaya. Makanikina ya cire tamostat, aka samu sauƙi na mako biyu, abin ya dawo. Ina ƙara ruwa kamar rabin lita duk kwana uku, amma ban ga inda yake zuba ba. Yanzu ya ce sai an buɗe kan inji. In yarda?
*Wani direba, Garwa*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada a buɗe tukuna. Mai yiwuwa a ƙarshe can za a je, amma buɗe kan inji aiki ne mai cin kuɗi da kwanaki, kuma idan lagireto ne ya toshe ko fanka ce take wasa, sabon gasket ɗin, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ma ƙonewa zai yi. Zafin da ke zuwa ya tafi yana da lokacinsa, kuma lokacin ne yake nuna inda ciwon yake. Ka riga ka ba mu uku: raguwar ruwa, cunkoso, da hawan dutse.

Ruwan ne ya fi damun mu. Injin nan gaba ɗaya lita 5 zuwa 6 yake ɗauka, don haka rabin lita duk kwana uku ba ƙaramin rashi ba ne. Da zarar ruwa ya yi ƙasa, iska ta shiga hanyarsa, ita kuwa iska ba ta ɗauke zafi daga ƙarfe. Shi ya sa ranar da ka cika ruwa motar take tafiya lafiya, bayan kwana uku ta fara kuka.

Abu na farko da za a duba shi ne mafi araha, murfin lagireto. Mutane suna ɗaukarsa marfi kawai, alhali shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa. Ruwa zalla a buɗe yana tafasa a digiri 100. A ƙarƙashin murfi mai lamba 0.9 (awon matsin da yake riƙewa), irin na motarka, sai ya kai kusan 118. A Ngawundare kuma, da yake gari ne a kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,000, ruwa a buɗe yana tafasa tun wajen digiri 96. To ka ga murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki zai iya ɓoye laifinsa a cikin Garwa, ya tona shi a kan dutse. Murfin yana da wani ƙaramin bawul a tsakiya wanda ke mayar da ruwa daga robar ajiya zuwa lagireto idan inji ya huce. Da safe kafin ka tayar da mota, duba wurare biyun. Idan robar ajiya ta cika har tana neman ambaliya amma lagireto ya yi ƙasa, murfin ne ko siririn tiyon da ke haɗa su. Sayi sabo mai lamba iri ɗaya. Kada a sa maka mai lamba 1.1 da sunan ya fi ƙarfi, tsohon lagireto da tsofaffin tiyo ba za su jure ba.

Idan murfi lafiya, a nemi garejin da ke da famfon gwajin matsi. Ana ɗaura shi a bakin lagireto inji yana sanyi, a buga zuwa kusan 1.2, a zuba ido minti goma sha biyar. Allurarsa ta sauka, akwai yoyo. Ƙaramin yoyo a kan inji mai zafi yana bushewa kafin ya ɗiga ƙasa, shi ya sa ba ka gani. A bi da tocila: inda robar saman lagireto ta haɗu da alminiyon, bakin kowane tiyo wajen mazugi (ƙarfen da ke ɗaure shi), ƙananan tiyo biyu da suka bi bayan inji zuwa hita, da ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon ruwa. Ana neman busasshen tabo fari ko ja-ja. A taɓa kafet ɗin gaba ma, ko da danshi.

Sai cunkoso. Mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto. Tana tsaye a bakin kasuwa a watan Afrilu, zafin gari ya haura digiri 40, fanka kaɗai ta rage mata. Fankar motarka ta lantarki ce, tana tashi ne idan ruwa ya kai wajen digiri 93. Fanka mai shekara talatin ba ta cika mutuwa lokaci ɗaya ba: gawayin cikin ɗan injin lantarkin da ke juya ta yana cinyewa, yau ta tashi, gobe ta ƙi. Ga gwajin. A bar inji yana aiki a tsaye har allura ta ɗan wuce inda ta saba. Idan fanka ba ta tashi ba, a ɗan ƙwanƙwasa bayanta da ƙotar sukudireba, hannu da hannun riga nesa da fukafukanta. Ta tashi nan take, gawayi ne. Ba ta tashi ba, a yawancin Toyota na wancan zamani idan aka zare soket ɗin makunnin zafi na fanka, mota a kunne, fanka za ta kama aiki. In ta kama, makunnin ne ya lalace. In ta ƙi, a koma kan fiyus da rile da wayar da ke zuwa jikin mota. A duba soket ɗin fankar ko ya narke ko ya yi baƙi, wannan ma yana sa ta riƙa yankewa. Fankar da ke juyawa a sanyaye ita ma ta gaza, ko da ana ganin tana motsi.

Hawan dutse kuma wata magana ce dabam. A can akwai iskar hanya, amma inji yana fitar da zafi mai yawa, sai an samu lagireto mai buɗaɗɗiyar hanya da famfo mai tura ruwa da ƙarfi. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ƙwari suna cushewa a tsakanin lagireto da na'urar AC da ke gabansa, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance. A wanke da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, don ruwa mai ƙarfi yana lanƙwasa siraran fukafukan. Ta ciki kuwa, idan an daɗe ana zuba ruwan rijiya, gishirinsa yana daskarewa ya toshe hanyoyin ɗaya bayan ɗaya. Bayan mota ta yi zafi, a kashe ta a zare makulli, a auna fuskar lagireto da na'urar auna zafi mai haske, ko a shafa a hankali. Zafin ya kamata ya riƙa raguwa daga sama zuwa ƙasa bai ɗaya. Wurin da ya yi sanyi a tsakiyar masu zafi, a toshe yake. Idan toshewar ta yi yawa, wanki ba ya buɗe ta, canji ya fi.

Famfon ruwan injin nan da bel ɗin waje yake juyawa. Bel mai sheƙi ko wanda ya saki yana zamewa. A danna shi da babban yatsa, kada ya lotsa fiye da kamar santimita ɗaya. Haƙoran famfon kuma tsatsa tana cinye su har ya zama yana juyawa ba ya tura komai. Ga wata alama: inji yana da zafi, ka kunna hita, ta ba da iska mai ɗumi-ɗumi a tsaye, ta yi zafi sai ka taka totur. Ko ruwa ya yi ƙasa, ko famfo ya gaji.

Game da tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, wanda makanikanmu na nan suke kira kalostat, a mayar da shi. Mun san cire shi ya zama al'ada daga Garwa har Njamena, amma ka ga da idonka mako biyu kawai ya saya maka. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi ko kaɗan. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya sha mai da yawa, ya riƙa cin kansa. Na motarka mai lamba 82 ne. Kafin a ɗaura, a rataya shi a tukunyar ruwa a kan wuta: ya fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kamar milimita 8. Ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke gefensa ya kalli sama. Bayan an cika ruwa, a juya hita zuwa zafi, a ɗaga gaban mota kaɗan, a bar inji yana aiki har fanka ta tashi sau biyu don iska ta fita, a sake dubawa washegari da safe.

Yanzu kan inji. Akwai abin da zai sa mu ce makanikinka yana da gaskiya. Da safe inji a sanyaye, buɗe murfin lagireto, cika shi har baki, tayar da mota. Kumfa tana ta fitowa a jere ba ta yankewa? Ko a rufe, tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, tun ruwa bai yi zafi ba? Hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Sauran alamun: inji yana rawa na ɗan lokaci da safe, farin hayaƙi daga salansa bayan mota ta ɗumama, da fulogi ɗaya da ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran ukun suna da launin ƙasa. Akwai kuma ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana komawa rawaya idan akwai hayaƙi. Kada ka dogara da cewa baƙin mai bai zama kamar madara ba, gasket yana iya tsagewa tsakanin silinda da ruwa bai taɓa hanyar mai ba. Idan an tabbatar, to a buɗe, amma a auna fuskar kan da miƙaƙƙen ƙarfe. Lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 sai an kai an goge. A ɗaure kusoshin da sifana mai awo, bisa tsarinsu.

Tambaya: Mu a Njamena ba mu san ƙanƙara ba. Don me ake ce mini in sayi ruwan lagireto mai launi, ga ruwan famfo kyauta? Corolla ce.
*Wata mai karatu, Njamena*

Amsa: Hajiya, hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin aikinsa. Akwai sinadaran hana tsatsa a ciki, kuma injinki alminiyon ne haɗe da ƙarfe, ruwa zalla yana cin su duka biyun. Yana kuma ɗaga zafin tafasa: haɗin rabi da rabi sai wajen digiri 107 yake tafasa ko a buɗe. Ki karanta jikin galan. Wani an riga an haɗa shi, a zuba kawai. Wani kuma gaurayawa yake buƙata, kashi ɗaya nasa a kashi ɗaya ko biyu na tataccen ruwa irin na batir. Kada a zuba mai kaurin shi kaɗai, bai kai ruwa ɗauke zafi ba. Kada a haɗa iri biyu, a tsiyaye tsohon a ɗauraye tukuna. Irin na gama-gari ana canza shi duk shekara biyu. Guba ne mai zaƙi, kada a bar shi a kwano inda yara ko awaki za su kai.

Tambaya: Idan allura ta tashi ina tsakiyar daji tsakanin Marwa da Kuseri, me zan yi? An ce in fasa ƙwai a lagireto idan yana yoyo.
*Wani ɗan kasuwa, Marwa*

Amsa: Alhaji, kashe AC, ka buɗe hita da fankarta har ƙarshe, ka sauke gilasai, ka rage gudu. Allura ta fara sauka, ci gaba a hankali zuwa gari mafi kusa. Ta shiga ja, ko ka ga tururi, ko hita ta koma hura iska mai sanyi, tsaya ka kashe inji nan take, ruwa ya ƙare ke nan. Ɗaga bonet, amma kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan aƙalla minti 30, sai tiyon sama ya yi laushi idan ka matsa shi da tsumma. Ka buɗe da tsumma mai kauri, rabin juyi tukuna, fuskarka a gefe. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji, kuma idan za ka cika, zuba kaɗan-kaɗan. Ƙwai da garin barkono suna iya toshe ramin na 'yan awoyi, amma suna toshe hanyoyin lagireto da na hita tare da shi. Abin da ya fi su amfani a but: galan mai lita 5 na ruwa mai tsabta, bel ɗaya, mazugin tiyo biyu, da murfin lagireto na ajiya.