Kwanon maƙwabta ba ya komawa wayam

'Yata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Sai yau wuta ta dawo na sa autan gidan nan ya riƙe waya, ina faɗa yana bugawa. Kin ce dangin mijinki a garin Kosti, nan Sudan, sun sa ki gaba don kina zuwa takiyya, wato girkin sadaka na unguwa, da ake dafawa a farfajiyar kanisa, wato coci, kina tambaya ko a al'adarmu an taɓa haɗa tukunya da Kirista, ko kuwa baƙon abu ne yaƙi ya kawo.

Yaƙi bai kawo shi ba. Takiyya kam da wannan yaƙin ta yawaita, tun daga 15 ga Afrilu 2023 da Hartum ta kama wuta, amma miƙa kwano ta kan katanga ya girme ki. Kakanninmu da suka taho da ƙafa daga yamma, wasu bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903, wasu kan hanyar Makka, da abincin wa suka rayu kafin su kafa Mai Wurno, kafin su shiga audugar Jazira? Baƙo ba ya zaɓen akushi. Abin da iyayenmu suka riƙe shi ne kwanon da aka aiko da shi ba ya komawa wayam, ko gyaɗa ce a zuba a ciki.

A unguwar Mayo ta Hartum na zauna shekaru, katanga ɗaya da wata 'yar Nuba, Kirista. Ba zan faɗi sunanta ba tunda kin ce za ki nuna wa mutane. Ran Kirsimeti takan aiko da ka'ak da naman rago, da layya ni kuma in aika da cinya. Wannan kowa na yi, ba abin labari ba ne. Abin da ya sa nake tuna ta shi ne zamanin kasha, wato samamen 'yan sanda. Ke ba ki san shi sosai ba. Motar 'yan nizamul amm, masu tilasta dokar ɗa'a a bainar jama'a, za ta tsaya, a kwashe butoci da kujerun masu shayi, a zubar da godogodon matanmu a ƙasa, a watsa mu bayan mota kamar buhuna. Dokar ba ta faɗi ba sai Nuwamban 2019. Sau biyu aka kwashe ni. Na farko mijina yana Gadarif wurin yankan riɗi, 'ya'yana ƙanana, dangi kuwa kowa ya noƙe don tsoron a tambaye shi takardar jinsiyya, wato ta shaidar ɗan ƙasa. Matar nan ce ta zo, da wani mai wa'azinsu siriri mai gyaran keke, suka biya tarar daga asusun matan kanisarsu. Asusun na matansu ne masu dafa giyar marisa da a lokacin ake yi wa bulala ana kai su kurkukun mata na Umdurman. Ni ban taɓa son sana'ar nan ba, na kuma faɗa mata ido da ido. Ta ce ita ma ba ta so, amma gwauruwa mai 'ya'ya biyar da ta gudo daga duwatsun Nuba ba a fara mata da wa'azi.

Na tambaye ta don me da ni, ga shi ba addininmu ɗaya ba. Ta ce a littafinsu Almasihu ya ce wanda ya ciyar da mai yunwa, ya ziyarci ɗan kurkuku, shi ya yi wa, bai kuwa ce a fara duba mai yunwar na wane ne ba. Da na kai wa malaminmu maganar sai ya yi shiru, can ya ce ai muna da irinta a hadisin Muslim, inda Allah zai ce wa bawa ranar ƙiyama na nemi ci gare ka ba ka ciyar da ni ba. Na ji kunya ranar, don mu muna haddace shi ne, ita kuwa ta ɗaura zane ta tafi ofishin 'yan sanda.

Kada ki ɗauka duk haka suke. A cikinsu ma ana jayayya. Akwai masu cewa aikin kanisa wa'azi ne da addu'a, shiga maganar kasha da rusau siyasa ce, za ta jawo a rufe musu ƙofa. Ba ƙarya suka yi ba, an rusa musu ɗakunan ibada da dama, musamman bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011. Na kuma ga mai ba da hatsi yana leƙen fuskarki ko za ki zo ran Lahadi. Irin wannan ki karɓa in yunwa ta matsa, ki yi godiya, kada ki zauna. Mai keken nan bai taɓa ce min in zo ba. Har faɗa ya yi da nasu da suka so a fara raba wa 'yan kanisa.

Mu ma da namu laifin, kuma ina zargin shi ne ke damun dangin mijinki. Ana ce mana Fallata da yatsina, mu kuma mu juya mu ce wa Nuba arna. A Yulin 2022 da aka ƙone gidajen Hausawa a yankin Damazin da Rusairis, waɗanda suka yi mana Musulmi ne 'yan'uwanmu. Ba don in ɓata kowa na faɗa ba, don dai a daina auna mutum da sunan gidan ibadarsa kaɗai.

Iyakar da muka sani ga ta. Ba ma shiga ibadarsu, ba ma cin alade, ba ma taɓa giya. Yankansu kuwa Alƙur'ani ya halatta a Ma'ida, malamin unguwarku ya sani. In lokacin salla ya yi ki shimfiɗa dardumarki a gefen murhu ki yi abinki, ban taɓa ganin wanda ya hana ba. Ki sa mayafinki yadda kika saba. Kada ki tanka masu gardamar addini a bakin tukunya, ko namu ko nasu.

Sai uwar mijinki. Kin yi kuskure da kika fara zuwa ba ki gaya mata ba, a bakin mutane ta ji. Gobe in an sauke adas ki zuba a kwano mai murfi ki kai mata da hannunki, ki durƙusa ki ce ga abin da muke dafa wa 'yan gudun hijira, a sa mana albarka. Ki roƙe ta ta raka ki rana ɗaya ta ga layin yaran. In ta ƙi kada ki matsa, ki bar mijinki ya yi magana da ita da daddare.

Maƙwabciyata tun da muka watse daga Mayo ban ji ɗuriyarta ba, an ce sun nufi Kosti. In kin ga wata doguwa mai tabon ƙuna a hannun hagu, ki ce mata mai shayin bakin tasha tana Gadarif, kuma kwanonta mai shuɗin baki yana wurina.