Motar rimot ko kyamara: da wanne mai son mashin zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Unguwar Rimi ne, ina da babban mashin, kuma da duk ƙarshen mako muna fita yawo da abokaina. Yanzu na yi aure, fita ta ragu, amma son ƙarfe bai bar ni ba. Na ɗan tara wani abu, ina so in saka shi a ɗaya cikin biyu: motocin nan na manya da ake tuƙawa da rimot, ko kyamara in riƙa ɗaukar abokaina suna gudu. Da wanne zan fara, kuma me ya kamata in sani kafin in fitar da kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a auren, ya ba da zaman lafiya. Shawarata ita ce ka fara da kyamara. Dalilina kayan gyara ne, don a Kaduna su ne ke kashe wa mutum irin wannan sha'awa tun kafin ta yi nisa.

Motar rimot kashi biyu ce. Akwai wadda ake saya wa yara da sallah a kasuwar Sheikh Gumi, wadda in giyarta ta ci, shi ke nan, sai bola. Akwai kuma wadda kake nufi, irin ta kamfanonin Tamiya da Kyosho na Japan ko Traxxas na Amurka. Yawancinsu girmansu kashi ɗaya ne cikin goma na motar gaske, shi ya sa za ka ga an rubuta 1/10 a kwali. Suna da shokozoba mai mai a ciki, da giyar da ake canzawa, kuma duk abin da ke jikinsu ana kwance shi a ɗaura wani. Rimot ɗinsu na zamani yana aiki ne a kan zangon 2.4GHz, saboda haka mutum goma za su yi wasa a fili ɗaya ba tare da rimot ɗin wani ya ja motar wani ba. Mai son mashin yana ganinsu yake kamuwa, don duk abin da ya sani na saitin shokozoba da zaɓen taya yana nan a ƙanƙance.

To amma suna karyewa, kuma dole ne su karye, don wasan ke nan. Ka daki gefen kwalbati da gudu, hannun tayar gaba ya tsinke. Abin ɗan roba ne da bai kai yatsa ba, sai dai kafin ya iso daga Legas ko Chana an yi makonni mota tana kan kwaba. Maƙeran Panteka za su yanka maka farantin ƙasa ko abin kare gaba ba tare da wata wahala ba, amma haƙoran giya masu ƙanƙantar ƙwayar gero ba aikin guduma ba ne. Duk wanda zai saya, ya haɗo da hannayen gaba, da giya, da tayoyi a oda ɗaya.

In ka je saye nan gaba, ka guji mai injin naitiro. Ƙararta da hayaƙinta su ne suka fi jan hankalin ɗan mashin, amma man da take sha haɗin mitanol ne da naitiromitan da man inji, ba a sayar da shi a gidan mai, kuma da yake yana kama wuta, masu jigilar kaya ta jirgi ba sa son ɗaukarsa. Akwai manya masu 1/5 da ke shan fetur gauraye da baƙin mai, injinsu irin na ƙaramin jannareta ne, sai dai suna da tsada, suna son fili babba, kuma maƙwabta ba za su yi maka godiya ba. Mai batir ita ce daidai da mu.

Batirin kuwa sai an yi hattara. LiPo ake kiransa. Kowane sel nasa bolt 3.7 ne, yana cika a 4.2, kuma in aka bar shi ya sauka ƙasa da 3.0 ya fara lalacewa. Wanda aka rubuta wa 2S sel biyu ne, wato bolt 7.4, mai 3S kuma 11.1. In za ka ajiye shi ya kwana biyu, bar shi a wajen 3.8 kowane sel, kada a cike. Cajarsa ta musamman ce, mai daidaita sel-sel. Kada ka jona shi ka kwanta barci da nufin in an kawo wuta cikin dare ya cika, kada kuma ka bar shi cikin mota a rana lokacin bazara. Ranar da ka ga ya kumbura, ya gama aiki. Irinsa ne ke tashin gobara.

Har mashin na rimot akwai. Kamfanin Losi ya fitar da wani a 2023 mai suna Promoto-MX, girmansa 1/4, yana da wani faifai mai nauyi da ke juyawa da gudu a cikinsa, shi ke hana shi faɗuwa. Abin sha'awa ne, amma ba na mai farawa ba. Jirgi maras matuƙi kuma ka cire shi daga lissafi tukuna. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashinsa sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma garin da ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, da sansanin sojan sama a Mando, da masana'antar makamai a Kakuri ba wurin gwaji ba ne.

Ita kyamara, in ka sayi tsohuwar Canon ko Nikon mai lafiya, shekaru za ka yi ba ka nemi komai ba sai batir da katin ajiya. Masu ɗaukar hoton biki sun cika gari, don haka mai gyara da mai sayar da na hannu ba sa wuyar samu. Kafin ka biya, ka sa a duba maka sau nawa shotarta ta buga, wato hoto nawa ta taɓa ɗauka, kamar dai yadda ake duba kilomitar mashin. Ka nemi gilashi mai jawo nesa, 55-200mm ko 70-300mm, domin ka tsaya nesa da titi.

Asirin hoton mashin duk yana ga saurin shota, wato tsawon lokacin da ƙyauren kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Sabon shiga yakan sa 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, hoto ya fito tas, amma tayoyi sun tsaya cak, bishiyoyin baya sun tsaya, sai ka rantse mashin ɗin a jingine yake. Abokinka da ya zo a guje ba zai ga gudunsa ba. Abin da ake yi shi ne a rage saurin shotar, sannan a bi mashin ɗin da kyamara. Ka sa ta a kan S in Nikon ce, ko Tv in Canon ce, wato saitin da kai ke zaɓar saurin shota, ka fara da 1/125, ka bar ISO, ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 100. Ka kunna saitin da ke bin abu mai motsi, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon. Ka tsaya ƙafafu a buɗe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ƙirjinka yana fuskantar inda kake so ka ɗauka. Ka kamo shi tun daga nesa, ka ɗora ɗigon saiti a kan hular kwanonsa, ka juya daga ƙugu, ka danna yana daidai gabanka. Kada ka tsaya da dannawa, ci gaba da binsa har ya wuce. Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata hoto, hannu yana tsayawa da jin ƙarar shota.

In ka dace, mai mashin zai fito tar, baya ya zama zane-zanen launi, tayoyi suna juyawa. Da farko waɗanda za ka goge sun fi waɗanda za ka ajiye yawa nesa ba kusa ba, kuma haka abin yake ga kowa. In hannu ya faɗa, sauko 1/60, daga nan 1/30. Abin da na fi so a wannan dabara shi ne ba ta buƙatar gudu. A 1/30, mai tafiya a kilomita 40 a awa zai fito kamar yana tsere. Saboda haka babu dalilin sa abokanka su yi ganganci don hoto, balle irin wasan da ake yi ranar kai amarya, wanda ni ba na ɗauka, don ganin kyamara ke ƙara zuga yara. Ka fara koyo da Keke Napep da masu keke a unguwarku. In kun fita da abokai kuma, ka tsaya ta cikin kwana, domin mashin in ya zame ta waje yake tafiya.

Wayarka ma za ta iya, in tana da saitin Pro, sai dai a yawancin wayoyi ƙofar haske ba ta raguwa, don haka da rana tsaka hoton zai yi fari fat. Ka bari sai bayan la'asar sakaliya. Kada kuma ka ɗaure waya mai tsada a kan hannun mashin don bidiyo. Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi a 2021 cewa jijjigar injin manyan mashina tana lalata na'urar da ke hana hoton iPhone rawa. Wannan aikin ƙananan kyamarori ne irin su GoPro.

Ka nemi izinin mutum kafin ka sa hotonsa a Instagram, ka rufe lambar mashin ɗin, kuma ka sauke kyamara in kun zo shingen jami'an tsaro. Da hunturu hazo yana tausasa haske, hoto ya yi kyau da safe, amma kada ka canza gilashi a fili, don ƙura za ta zauna a cikin kyamarar ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Da ɗan famfon iska ake hure ta, ba da bakin riga ba. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, tana sa gilashi ya yi fumfuna ta ciki. Ka samu roba mai murfi, ka zuba 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa ajiye kayan a ciki, kana shanya ƙullin a rana lokaci-lokaci.