Amsa kan yadda 'yan kasuwar Mile 12 da ke Legas za su samu a saurare su

Malam, ka tambaya ta yaya ƙananan 'yan kasuwarmu a Legas za su sa gwamnati ta saurari kukansu. Ra'ayina shi ne sai ta hanyar ƙungiya mai rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, domin jami'i ba ya kula koken mutum ɗaya, amma takardar da masu tumatir da albasa na Mile 12 suka sa wa hannu tare, wadda ta fayyace yawan harajin da ake karɓa a hanya tun daga Kano da kwandunan da ke ruɓewa kafin a sauke su, tana da nauyi. Ku kuma ware wani abu daga kuɗin ƙungiya don gyaran rijiya ko magudanar ruwa a unguwar da kuke, domin maƙwabta Yarbawa su ne za su tsaya muku ranar da ake maganar tayar da kasuwar daga wurin.